Fesa Goma a Bakin Ƙofa

Wata bakwai ke nan da rasuwar maigidana. Ban yi karatu mai nisa ba, amma ina so in rubuta yadda ya samu teburin gaba, don mutanen ofishinsu ba daidai suke ba da labarin ba.

Shekara goma sha tara ya yi a ɗakin fayil, can ƙasan bene, inda babu taga. Burinsa ɗaya ne, a mayar da shi teburin karɓar baƙi, kusa da ƙofar gilashi. Da mai teburin ya yi ritaya, Manaja ya ce zai sa ido a kan ma'aikata mako biyu, ya zaɓi wanda shigarsa ta fi dacewa. Ban da kwat, ban da kayan zaman gida. Ƙamshi kuwa, kada ya riga mutum shiga ɗaki, don shi Manaja turare mai ƙarfi atishawa yake sa shi.

Matsalar ita ce maigidana ba ya jin ƙamshi, ba ya jin wari. Ƙurar takardu ta kashe masa hanci tuntuni, ni kaɗai na sani.

Ƙanena mai aski ne, shi muka kira. Ya sa shi wandon jins da riga mai kwala.

"Yaya, ka saki cikin nan, ba hoto za a ɗauke ka ba."

"In na sake shi maɓalli zai tashi."

"To bar rigar a waje."

"A waje? Kamar wanda aka koro daga gida?"

Ni na zaɓi turaren. Kwalba tara na shinshina har kaina ya yi ciwo, na ɗauko wani mai sanyi kamar ɓawon lemo. Ƙanena ya ce ba a fesawa a jiki, wannan aikin mutanen da ne. A iska ake fesawa sau biyu, mutum ya ratsa ta ciki. Maigidana ya ce idan ya fesa a gida motar haya za ta cinye ƙamshin, gara ya yi a ƙofar ofis.

Da ya dawo na shinshina wuyansa. Babu komai.

"Baban yara, ka fesa kuwa?"

"Sau biyu, yadda aka ce."

"Gobe ka yi biyar."

Daga biyar muka koma goma. Kwalba ta kai rabi, mutumin nan ƙamshin tsohuwar takarda kawai yake yi. Har na fara zargin nawa hancin. Shi kuma kullum da labari yake dawowa, wai ofis ya rikice, wani mugu yana cika wurin da turare, Manaja ya ƙarar da hankici uku, kowa yana rantsuwa ba shi ba ne.

Ranar ƙarshe ta mako biyun ya manta katin aikinsa, na bi shi da shi. Daga tsallaken titi na hango shi a bakin ƙofar gilashi. Ya duba hagu, ya duba dama, ya fesa goma, ya ɗaga ƙafa zai ratsa. Sai ga Akawu. Maigidana ya ja da baya, ya riƙe masa ƙofa.

"Shige, ranka ya daɗe."

Akawu ya shige ta cikin turaren. Maigidana bai taɓa shiga gaban wani a ƙofa ba, ko ɗan cikinsa ne. Ya sake fesawa, sai ga mai shara da bokitinta. Ita ma ta samu nata. Na uku Manaja ne da kansa, ya kwashi goma cif a fuska.

Kafin in ƙarasa an jera ma'aikata a baranda. Manaja, idanu jawur, ya sa Sakatariya ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa.

"Shi ma yana yi. Ita ma. Oga, ka yi haƙuri, kai ka fi kowa."

Da ta zo kan maigidana ta shinshina sau biyu.

"Wannan kam babu komai, Oga."

Manaja ya matso, ya ja numfashi, bai yi atishawa ba.

"Malam, wane turare kake amfani da shi?"

Maigidana bai iya ƙarya ba. Ya sa hannu a aljihu ya zaro kwalbar. Manaja ya karɓa, bai buɗe ba, ya karanta sunan, ya ɗaga ta sama.

"Kun gani? Wannan shi ne turaren ofis. Ba ya damun kowa. Daga Litinin ka koma teburin gaba."

A nan barandar na karɓe kwalbar na jefa a jakata, kuma har maigidana ya koma ga Allah ban faɗa masa shi ne mugun da ke cika ofis da turare ba.

Wata biyar da kwana goma sha ɗaya ya yi a teburin. Kullum in ya dawo sai ya ƙirga mini baƙin da suka gaishe shi, har da kalar takalmansu, ina wanke-wanke ina cewa to. Da na san kwanakin kaɗan ne, da na ajiye kwanukan na zauna.