Gwiwoyin Mai Tayil

Mai Tayil ya yi rabin rayuwarsa a durƙushe. Tun yana saurayi yake shimfiɗa tayil a gidajen mutane, kuma hannunsa na da kyau, har masu gini kan jira shi ya gama wani aikin maimakon su kira wani. Abokan aikinsa kan ɗaura soso a gwiwa kafin su durƙusa a kan siminti. Shi kuwa dariya yake musu, wai sun mai da kansu masu tsaron gida a filin ƙwallo.

Da shekaru suka fara ja, sai ya ajiye tumbi. Ba ya jin ya ci abinci sai da soyayyen nama da lemo mai sanyi. In ya tashi daga aiki, babur ke kai shi har ƙofar gida, daga nan sai kujera. Gwiwar dama ce ta fara ƙara in zai miƙe, kamar tsohuwar ƙofa, ta hagu ta biyo baya.

Matarsa kan fita da safe ta zaga unguwa da ƙafa. Ta sha ce masa, "Baban Auta, zo mu taka tare. Nauyin nan ya yi wa ƙafafunka yawa."

"Ni da nake wuni ina aiki, wace tafiya kuma zan ƙara? Ke dai da ba ki da abin yi, je ki ƙirga gidajen mutane."

Tun tana faɗa har ta gaji ta bari.

Wata rana wani mai fenti ya nuna masa kwalbar ƙwayoyi mai hoton tsoho yana gudu, ya ce man gwiwa ne a dunƙule. Abin ya yi wa Mai Tayil daidai, tunda ba a ce ya bar komai ba, haɗiya ce kawai. Ya riƙa sha safe da yamma, in ciwon ya matsa ya ɗora maganin kashe zafi a kai ya koma kan siminti. Duk wanda ya yi masa zancen asibiti, sai ya ce ai yana kan magani.

Ana nan autarsa ta haihu. Da tiyata aka ciro 'yar, kuma su da mijinta a hawa na uku suke zaune, a gidan da babu lif. Ranar da aka sallamo ta, ya sayi 'yan riguna ya riƙo a leda, shi da matarsa suka nufi can. Ya tsaya a ƙasan bene ya ɗaga kai ya dubi hawan.

"In kira sirikinka ya taimaka?" in ji matarsa.

"Wuce gaba, ina biye da ke."

Ya kama ƙarfen gefe ya fara hawa, ƙafa ɗaya sai ta jira ɗaya. Kafin ya kai kwanar farko zufa ta jiƙe masa riga. Yana ɗaga ƙafa zai ci gaba, gwiwar dama ta riƙe, ta ƙi lanƙwasuwa ta ƙi miƙewa. Ya zame ya zauna a kan matakala da ledarsa a cinya. Masu hawa da sauka suna raɓa shi suna yi masa sannu, yana amsawa kamar hutawa kawai yake yi.

Sirikinsa ya sauko da sauri. "Baba, ku bari in goya ku."

"Ka goyi wa? Koma ka ce ina zuwa."

Bai iya zuwa ba. Can sai ya ji takun silifa a hankali daga sama. Auta ce, hannu ɗaya a kan ƙarfe, ɗayan dafe da ciki, tana cije leɓe a kowace taka, mijinta na biye da jaririyar a tawul.

"Wa ya ce ki sauko?" in ji Mai Tayil.

"Baba, ai ba za ka zo har nan ka koma ba ka gan ta ba."

A nan kan matakala aka ɗora masa jikarsa. Ya so ya yi mata wasa, ya kasa, don idonsa na kan 'yarsa da ke jingine da bango tana mai da numfashi, ga kuma hawan da ke jiran ta. Ya fi kowa sanin wanda ya jawo mata wannan.

Washegari da kansa ya ce a kai shi asibiti. Likita ta ɗaga hoton ƙashinsa ta nuna masa inda guringuntsi ya cinye, ƙashi na gogar ƙashi. Ya ciro kwalbar daga aljihu ya miƙa mata.

Ta juya ta, ta karanta. "Wasu na cewa suna jin sauƙi da irinsu, ban hana ka ba. Amma ba za su mai da abin da ya tafi ba. Ka rage nauyi, ka riƙa tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri, zan nuna maka yadda za ka ƙarfafa cinya. Ka yawaita ganye da wake da kifi. Durƙuso kuwa, kun rabu."

"Da na zo da wuri fa?"

"Da wata maganar muke yi. Amma yanzu ma akwai abin yi."

Ya bi abin da ta ce, bai yi gardama ba. Tumbin ya ragu, ciwon ya lafa, har yakan je kasuwa da ƙafa. Sai dai sana'ar ta fita daga hannunsa. Kwangila yake karɓa ya sa wasu su yi, shi yana tsaye da sanda yana nuni.

Da jikar ta fara rarrafe, Auta kan kawo ta gidan. Wata rana da yamma yarinyar ta zauna a tsakar falo tana buga murfin tukunya da cokali, ta ɗago ta dube shi, ta miƙo masa cokalin.

"Amaryarka na kira," in ji matarsa.

Ya matso bakin kujera, ya dafa gwiwa, ya dubi tazarar da ke tsakaninsa da ƙasa.

"Ɗago min ita," ya ce.

Aka ɗora masa ita a cinya. Ba ta jima ba ta fara zillo, ƙasa take so. Ya sake ta, ta zame ta koma wajen murfinta.