Farin Ɗigo

Alhaji Na'Allah mai wake, na kasuwar Mile One a Fatakwal, wajen taurin kai ba shi da na biyu. Wata da watanni yana tari, irin wanda ke sa mai saye ya ja da baya, amma ka kuskura ka ce ya je a ɗauki hoton ƙirjinsa, ranar sai ka ji ba daɗi. Dalilinsa ɗaya ne. Matarsa Baiwa da ƙafarta ta shiga ɗakin eksire, likita ya ɗaga hoton ya nuna wani farin ɗigo a huhunta, kafin azumi ya zagayo an kai ta makwancinta. A wurin Alhaji hoton ne ya kashe ta. Baƙin hayaƙin nan da ke sauka a garin, wanda kullum ake karkaɗewa daga kan buhuna, a fyato shi daga hanci, shi bai ga laifinsa ba.

'Yarsa Ruƙayyatu kuwa, ikon Allah, eksiren ne karatunta, sai dai nata na sama ne. Digiri na biyu take yi, tana nazarin hotunan da na'urar hangen nesa ke aikowa daga sararin samaniya, na wasu garkunan taurari guda biyu da suka yi karo da juna. Aikinta ta nemo ɗigon da haskensa ya wuce misali, ta auna shi. Kuma ta iya, ba ɗigon da ke tsere mata.

Wata Talata bayan azahar aka ɗauke wuta a gida, ta kawo kwamfutarta shago ta zauna kan buhu. Ba ta ji zuwan uban ba, sai muryarsa a bayanta.

"Ina kika samo wannan? Ba na ƙone shi ba?"

A kan allon, dunƙule biyu ne masu ruwan toka suna fuskantar juna cikin baƙi, ga farin ɗigo a jikin na hagu. Ita ma ta san yana kama da hoton huhun uwarta. Ta daɗe tana ganin uwarta a hoton nan, wani lokaci har tarinta takan ji, amma ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

"Baba, ba na Umma ba ne. Taurari ne."

"Wannan farin fa?"

"Muna zaton wani abu ne da ido ba ya gani, yana cin tauraron da ke kusa da shi. Yana ci, wurin yana haske."

"To ku hana shi mana!"

"Ba dama, Baba. Hasken ya yi miliyoyin shekaru a hanya. Kafin mu gani, ya riga ya gama."

Wata mata tana ta buga mudu a bakin shago, Alhaji ko kallonta bai yi ba.

"Ashe ba ganin da kuka yi ne ya jawo ba."

"A'a. Makara muka yi."

Tari ya sarƙe shi. Ya dubi hankicinsa, ya ninke, ya ɗauki hularsa.

"Tsayar mana da keke napep."

A asibiti aka ɗauki hoton aka miƙo musu, aka ce su zauna, likita yana tafe. Ruƙayyatu ta kudura a ranta ba za ta duba ba. Tsoro take ji, tsoron da rabonta da shi tun jinyar Umma. Amma uban ya ɗora mata hoton a cinya.

"Ke da kika iya, duba mana."

Ta ɗaga shi wajen taga, tana roƙon Allah yau dai ya sa idonta ya kasa. Ina! Kai tsaye idon ya tafi kan wani farin ɗigo, yadda ya saba.

"Me kika gani?"

"Mu jira likita, Baba."

Ya daɗe yana kallon fuskarta, sannan ya cire hular ya ajiye a gwiwa.

"Haka na ce wa uwarki ranar da aka ɗauki nata," in ji shi.