Ni Na Zuba Ruwan

…kuma ba zan tashi ba. Masinja ya ce Dakta na cikin taro. To, ya yi ta taro. Bencin nan na gwamnati ne, ba na gidan kowa ba. Hawa uku na hau da wannan gwiwar, ba don in juya ba.

Auta, ba ki san na zo ba. Kina can kwance, fuskarki a bango, yau kwana biyu. Da kin sani da kin ce, Umma don Allah kada ki je ki ƙara min kunya. Kunyar me? Ni na zuba ruwan. Ni, da hannuna. Wanda ya zuba shi zai zo ya faɗa.

Tukunya arba'in a barandar bayan gida. Wake ne fa, wake kawai. Ɗakin gilashin makarantarku ya cika, ɗalibai kamar ƙasa, kowa da shukarsa, shi ne Dakta, malamin da ke duba aikinki, ya ce ki kai naki gida. Aikin ƙarshe, wanda in babu shi babu digiri. Ashirin kika ɗaura wa shuɗin zare, ashirin ja. Shuɗi, kofi ɗaya kullum da safe. Ja — ko ɗigo, sai sati uku ya cika. Sau uku kika maimaita min ranar da za ku tafi gonar gwaji. Kwana biyar ne kawai, Umma. Na ce na ji. Ai na ji ɗin. Aji shida na tsaya, amma ja da shuɗi dai na sani…

Ga wasu 'yan mata da fararen riguna, suna kallona. Ku kalla. Uwar ɗaliba ce, ba shara na zo yi ba.

Rana ta farko na daure. Ta biyu na daure, na bi ta gefen masu jan zaren ina kawar da kai. Ta uku — ke ba ki gani ba, Auta. Ganyen sun sunkuya, sun naɗe kamar hannun jariri mai zazzaɓi. Ga 'yan uwansu a gefe, shar, ina ba su suna sha. A gabansu. Wace uwa ce za ta bi layi da kofi, ta ba wannan ta tsallake wannan? Na ce rabin kofi, wa zai sani. Washegari suka ɗago kai. Wallahi sai da na yi musu magana, na ce yauwa, haka nake so. Sai na ƙara. Sai na ƙara…

Wai ana son a gano irin da ke jure ƙishi, don shekarar da ruwa ya ɗauke manomi ya san abin da zai shuka. Yanzu na gane. Da ma haka kika faɗa min tun farko, ba ja da shuɗi ba kamar ana aiken yaro. Ko kin faɗa? Ƙila kin faɗa ina tsakiyar wanki.

Baffanki kuwa har ya ji. Jiya ya zo, ya cire takalmi yana murmushi. Wai shekara huɗu a jami'a don a koyi kashe wake da ƙishi, kakarta ba ta taɓa shiga aji ba amma ba ta taɓa yin asarar shuka ba. Wai da likitanci ne. Na ce masa, Yaya, likitan ma sai ya ci ya ƙoshi yake riƙe allura. Babanki ya yi min ido in yi shiru. Ban yi ba. Shekara huɗu ina tare miki wannan bakin — karatun ciyawa, karatun ganye, 'yar lambu — ni kaɗai, ban taɓa barin ya iso kunnenki ba. Ashe ba su za su kayar da ke ba. Ni ce.

A'a. Ba a kayar da ke ba tukuna. Shi ya sa nake kan bencin nan.

Takarda a allon sanarwa, ga ta can, na karanta da yatsa: saura sati uku a miƙa aiki. Sabuwar shuka sati shida take so. Na ƙirga a mota, na sake ƙirgawa a kan matakala, ba ta canza ba.

Da kika dawo, ko jaka ba ki ajiye ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina jira ki ga yadda suka yi kyau. Kika tsuguna. Kika soka yatsa a ƙasar tukunya ɗaya, ta biyu, ta uku… Ba ki yi min tsawa ba. Da ma kin yi. Zama kawai kika yi a siminti.

Ni kuma da bakina — wannan ne ke hana ni sukuni, ba ruwan ba — na ce, to ki rubuta ba a zuba ba mana. Ki bar su su sake bushewa, wa ya gani? Kika ɗago kika dube ni. Kika ce, Umma, wani zai karanta ya shuka.

Shi ke nan abin da kika ce. Ni da na mare ki kina 'yar shekara bakwai don kin ce kin goge haƙora alhali ba ki yi ba.

Ƙofa ta motsa. A'a, wata ce ta fito da fayil.

Zan ce masa, Dakta, yarinyar nan ba ta da laifi, ga mai laifin a gabanka. Zan ce masa ya ƙara mata lokaci, in ya ce doka, in ce dokar mutum ne ya rubuta ta. In ya kore ni gobe in dawo, jibi in dawo, ya saba da fuskata. Ba zan durƙusa ba, gwiwar ma ba za ta yarda ba. Zan ce…

To in ya ce babu ƙarin lokaci fa? In ya rage murya ya ce, Mama, ku je ta cike lambobin yadda ya kamata su fito, zan sa hannu — ni na san zan yi godiya. Na san kaina. Zan yi godiya har ƙasa, in sauka hawa ukun nan da murna, in kawo miki.

Ke kuma ba za ki karɓa ba.

Masinja na yafito ni. Wai in shigo. Bari in… gwiwar nan… bari tukuna.