Taimin Jirgin Baba Kura

Duk wanda ya taɓa tura mataccen mashin zuwa bakin tashar Babura ya san allon Shafi'i. Ja ne wur, ya fi ƙofar shagon faɗi, an rangaɗa masa LIKITAN INJUNA da farin fenti. Aiki kam ya iya, har daga Kanya Babba da tsallaken iyaka ake turo masa. Bakinsa ne dai ba ya da birki.

Ranar wata Litinin da hantsi, a teburin Abu mai shayi, ya bugi ƙirji ya ce duk injin da ɗan Adam ya ƙera, muddin yana da fistan da bawul, shi zai tayar da shi.

A ƙarshen benci akwai Baba Kura, tsohon ma'aikacin reluwe tun zamanin jirgin kwal, wanda yanar ido ta rufe masa gani har ba ya gane mutum sai da murya.

"Kowane iri, ɗan nan?"

"Kowane iri, Baba."

Tsoho ya laluba sandarsa ya tafi gida. Da ya dawo sai ga shi rungume da ƙunshi cikin tsohon zani. Aka kwance, sai ga kan jirgin ƙasa na tagulla, tsawonsa kamu ɗaya, da ƙafafunsa da bututun hayaƙinsa, wanda ya ƙera da hannunsa yana saurayi. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ranar Juma'a bayan la'asar jirgin ya taso daga ƙofar shago ya zo teburin shayi, taku goma. In bai zo ba, a sauke allo a ba Abu ya kare murhunsa daga iska. Shafi'i ya yarda yana dariya. Abu kuwa, mugu, nan take ya je ya auna faɗin allon da taƙi.

Da Shafi'i ya zauna da abin sai dariya ta ragu. Ya nemi fulogi, babu. Ya nemi kabireta, babu. 'Yar tukunyar ruwa ce kawai da fitilar sifirit a ƙarƙashinta, sai fistan da bai wuce yatsa ba, sai bawul mai zamewa gaba da baya. Abin da ke tura bawul ɗin wani ɗan faifai ne a jikin sandar ƙafafu, sukuru ɗaya tak ke riƙe da shi.

"Taimin ne," in ji shi, wato daidaita lokacin buɗewar bawul da tafiyar fistan. Kuma wallahi gaskiyarsa, taimin ne.

Sai hannunsa ya yi abin da ya saba yi shekara ashirin a kan mashin. Ya kai fistan ƙarshe, ya daidaita faifan da hannun fistan ɗin, kai da kai, ya ɗaure. Ya kunna fitila, ruwa ya tafasa, ya murza ƙafar jirgin da yatsa. Jirgi ya girgiza, ya yi fuu, ya tofa masa ruwan zafi a haɓa, ya tsaya cik.

Ranar Talata ya ce ruwan rijiya ne, ya sayo na leda. Ranar Laraba ya ce sifirit ɗin jabu ne. Ya wanke fistan, ya naɗa zare inda tururi ke tsiyaya, ya sake daidaita faifai kai da kai har sau bakwai, domin a duniyarsa babu wani taimin sai wannan. Mashina suka taru a ƙofar shago, masu su na ta zagi a ciki. Baba Kura na nan a benci kullum, yana jin kowane fuu yana kurɓar shayinsa. Taku goma ne tsakaninsu, amma ina! A shagon Shafi'i mai abu ba ya koya wa makaniki aiki.

Ranar Alhamis da yamma, don gajiya, ya manta bai ɗaure sukurun sosai ba. Yana murza ƙafa faifan ya zame ya koma gefe, kamar kwatar zagaye, wato kashi ɗaya cikin huɗu, sai ga ƙafafu sun kama gudu, caka-caka-caka! Shafi'i ya yi tsalle har ya kifar da galan ɗin baƙin mai. Ya ɗaure sukurun a nan inda Allah ya ajiye shi, ya sauke jirgi ƙasa. Jirgi ya zabura da baya ya shige ƙarƙashin benci.

Ya daɗe a tsaye yana kallonsa. Ya taɓa sukurun nan kuma? Shi da bai san me ya yi ba balle ya maimaita? Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, don ya hango allonsa baƙi ƙirin da hayaƙin murhun Abu.

Juma'a bayan la'asar tasha ta cika, har direbobi suka bar fasinja a mota. Shafi'i ya tsuguna, ya kunna fitila, sannan ba kunya ba tsoron Allah ya juya wa teburin shayi gindin jirgin. Abu ya buɗe baki, Shafi'i ya galla masa harara, sai ya mai da shi tari. Jama'a suka toshe baki da hula, ba wanda ya gaya wa tsoho komai. Jirgi ya taho da baya, caka-caka, ya cinye taku goman nan ya daki takalmin Baba Kura. Aka ɗauki sowa.

Tsoho ya sa haɓar rigarsa saboda zafi ya shafa abin da ya taɓa shi. Ya shafa, ya shafa, sai can a ɗaya ƙarshen ya ci karo da bututun hayaƙi.

"Ya iso," ya ce. "Allonka ya tsira."

Shafi'i ya so ya yi murna, abin ya ƙi. Kunya ta rufe shi. Ya cuci makaho a gaban mutanen gari, makahon ya gane, kuma ya rufa masa asiri. Ya matso ya durƙusa a gaban benci.

"Baba, da baya ya zo."

"Na sani. Idona ne ya mutu, ba hannuna ba."

"Allah ya ja kwana, ka koya mini."

Abu ya ajiye ludayi don kada ko kalma ɗaya ta wuce shi.

"Ba mashin ba ne wannan," in ji Baba Kura. "Tururi gaba da baya yake tura fistan, sai bawul ya riga shi da kwatar zagaye ya buɗe masa ƙofa. Kai da kai da ka yi ta yi, ko shekara za ka kai ba zai tashi ba. Jiya ka dace da kwatar, amma ta baya. Kwance sukurun, juya faifan rabin zagaye."

Shafi'i ya yi haka, yatsunsa na ƙuna. Ya ajiye jirgin, ya murza. Jirgi ya miƙe da kansa a gaba, sautinsa daidai wa daida.

"Shekara shida ke nan da na kwance shi zan wanke," in ji tsoho. "Kafin in mayar, na daina ganin sukurun."

"To Baba, me ya hana ka kawo mini kawai?"

"In kawo maka da roƙo? Da yanzu yana bayan shago tare da injin markaɗen Inno maƙwabciyarmu, kullum a dawo jibi. Makaniki ba ya cika alkawarin Juma'a sai an kama shi ta allonsa."

Tasha ta kwashe da dariya, har da Shafi'i. Baba Kura bai yi ba. Ya karkata kunne wajen da jirgin yake tafiya, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba.

"Ku yi mini shiru, don Allah," ya ce. "Ɗan nan, ƙara masa ruwa kafin ya tsaya."