Cinyar Ragon Alhaji Kadri

Alhaji Kadri mutumin Dogon Dutsi ne, magini ɗan magini, kuma shekararsa ashirin da shida yana zuba kankare a New York. Da ɗaukar bokiti ya fara a kamfanin wasu, yau ga shi da ɗan nasa kamfanin, magidanta goma sha ɗaya suna ci a ƙarƙashinsa. Ba ya raina aiki: dakalin ƙofar gida, daɓen gareji, matakalar shago, duk yi yake. Matsalarsa ɗaya ce, sanyi. Da ƙanƙara ta fara sauka aikin waje ya mutu, sai ya tara mutanensa ya ce kowa ya je ya nemi na kansa har watan huɗu. Babu ranar da ya tsana a shekara kamar ranar wannan sallama.

To, a bana sai ga wata cibiyar bincike ta ƙasashe ashirin da wani abu, can bakin kogi a Manhattan, ta fitar da sanarwar kwangila. Aikin kankare ne a ƙarƙashin ƙasa, cikin ɗumi, daga watan sha ɗaya har watan huɗu. Souley, shugaban ma'aikatansa, shi ya kawo masa labarin, yana rawar jiki kamar an riga an ba su.

Ranar duba wuri, 'yan kwangila goma sha huɗu aka tara. Lifta ta sauka da su hawa uku ƙasa, aka shigar da su wani ɗaki fari fat, ba taga. Wata injiniya siririya ta yi musu bayani. Na'ura za a girka a nan, wadda ke leƙa cikin ƙwayar cuta ta ga gaɓoɓinta ɗaya bayan ɗaya. Na'urar ba ta jure girgiza ko kaɗan, saboda haka ana son dunƙulen kankare mai nauyin tan sittin, wanda ba zai taɓa bango ba, ba zai taɓa ƙasa ba, a kan matasai na iska zai zauna. Kadri ya ɗauka Turancinsa ne ya gaza. Ya sake tambaya, ta sake faɗa, hakan dai take nufi.

Sai ta ajiye kofin ruwa a ƙasa, ta haska masa wata jar fitila, hasken ya yi tsalle ya faɗa bango, ɗigo ɗaya. Ta ce kowa ya yi shiru. Suka yi tsit. Can sai ɗigon ya fara karkarwa shi kaɗai.

"Jirgin ƙasa ne yake wucewa, layi huɗu daga nan," in ji ta.

Kadri bai ji komai ba, ƙafarsa ma ba ta ji ba. Shekara nawa yana taka ƙasar garin nan yana cewa a tsaye take, ashe rawa take dare da rana. Ya yi tasbihi a zuciyarsa, kuma a take ya ji yana son aikin nan, ba don sanyi kaɗai ba. Yana son a ce hannunsa ne ya zuba dutsen da zai zauna a kan iska.

Da suka hau sama, wadda ta fito karanta musu dokoki ba kowa ba ce illa Suweiba, ɗiyar Hajiya Tahiratu mutuniyar zangon Kumasi, maƙwabtansa na hawa na tara a unguwar Concourse Village. A gabansa ta girma. Ta dube shi, ta ɗan sunkuyar da kai, ta ci gaba da karatu kamar ba shi ne ya raka mahaifinta makwancinsa ba.

Dokokin ma abin kallo ne. Tayi a ambulan biyu za a kawo shi, ɗaya na yadda za ka yi aikin, ɗaya na farashi, kowanne a liƙe, ka sa hannu a kan liƙin. Ba a buɗe na farashi sai wanda ya haye na farko, kuma a gaban kowa. Idan kana da tambaya rubutawa za ka yi, amsar kuma duk mutum goma sha huɗun za a aika wa, har da abokin hamayyarka. Daga yau har ranar buɗewa, babu waya da ma'aikacin ofishin kwangila, babu ziyara, babu kyauta ko ta biro ce. Kadri, wanda ya taɓa kwana tara yana zarya ƙofar wani darakta a gida kafin a ba shi ginin aji biyu, ya fito yana girgiza kai. Bai taɓa sanin ana iya neman abu ba tare da an nemi mutum ba.

Sati uku shi da Souley suna kan takardu. Ya kai ambulan da hannunsa, aka buga masa lokaci a jiki har da minti, aka jefa a akwatin ƙarfe mai makulli biyu.

Bayan kwana biyar Babbar Sallah ta zo. Kamar kowace shekara, ya je wata gona a New Jersey ya yanka ragonsa, ya dawo da nama a manyan kuloli. Iyatu, matarsa, ta baje a kicin tana ƙulla wa maƙwabta a leda, wannan na hawa na biyu, wannan na su Mukhtari. Kadri ya tsaya a bakin ƙofa yana sakace.

"Na hawa na tara, ki sa musu cinya."

Iyatu ta ɗago. "Cinya guda, Alhaji? Bara haƙarƙari aka kai musu."

"Bara daban, bana daban."

Ta ɗauko babbar leda. Ni dai ba zan ce cin hanci ya yi niyya ba, shi ma bai kira shi haka ba ko a ransa. A inda ya tashi, mutumin da ke da buƙata a hannun wani ya ƙi gaishe shi, shi ne marar tarbiyya. Kuma naman layya ne, wa ke ƙirga shi? Amma dai ya san abin da ya sa bai ce haƙarƙari ba.

Ranar Laraba takarda ta iso, ana son ganinsa a cibiyar.

Mutum uku ya tarar a ɗakin, shugabansu wani dattijo mai furfura, ɗan Senegal. A kan tebur ga hoton cinyar ragonsa, an buga shi a takarda, an rubuta nauyinta, da ranar da ta iso, da lambar da aka maƙala mata kafin a sa ta a firjin ofis. Wallahi da a wani wuri ne da ya yi dariya. A nan kuwa sai ya ja kujera ya zauna.

Dattijon ya yi magana a hankali. Ya ce tun ranar farko Suweiba ta rubuta cewa ɗaya daga cikin masu neman aikin maƙwabcinsu ne. Washegarin Sallah kuma ta kawo naman da kanta, ta rubuta cewa al'ada ce ta addini, sannan ta sauka daga kwamitin da ke tantance tayi.

"Ni ma na san layya, na yanka nawa," in ji shi. "Dokarmu ba ta hana maƙwabtaka ba. Tambaya ɗaya ce. Kason da ka aika bana, daidai yake da wanda kake aikawa kowace shekara? Ita ta ce ba ta sani ba, mahaifiyarta ke karɓa. Idan daidai ne, magana ta ƙare, tayinka yana nan. Abin da ka faɗa shi za mu rubuta."

Ya ɗauki biro yana jira.

Kadri ya dubi biron. Babu wanda zai hau hawa na tara ya titsiye tsohuwa a kan haƙarƙarin bara. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da aikin wata shida, ga Souley da ɗiya huɗu, ga wani ma'aikacinsa Kwabena da matarsa ke da tsohon ciki. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, mutanen nan ba tarko suka ɗana masa ba. Da gaske maganarsa za su ɗauka. Gini mai hawa ashirin, kuɗin ƙasashe ashirin, duk sun tsaya cak suna jiran abin da magini ɗan Dogon Dutsi zai ce game da ragonsa. Tun da yake, ba a taɓa ɗora wa kalmarsa nauyi irin wannan ba, sai ya ji ba zai iya miƙa musu ta banza ba.

"Ba daidai ba ne," ya ce. "Haƙarƙari nake kaiwa. Bana na ce a kai cinya."

"Saboda kwangilar?"

"Saboda ita."

Dattijon ya rubuta. Bai yi masa faɗa ba, bai kuma yaba masa ba. Ya ce an cire tayinsa daga wannan aikin, amma tunda da bakinsa ya faɗa, ba za a hana kamfaninsa neman na gaba ba. Aka kawo makullai biyu daga hannun mutum biyu, aka buɗe akwatin, aka miƙo masa ambulan ɗinsa. Ya juya su gaba da baya. Sa hannunsa na nan a kan liƙin, ko ƙwarzane babu.

A bakin lifta ya ga Suweiba tsaye, idonta ya yi ja.

"Baba, ka yi haƙuri. Ba ni da yadda zan yi."

Wata ma'aikaciya ta riga ta gaya masa cewa shekara biyu Suweiba ta yi tana shirya wannan kwangilar, kuma ita ce ta farko da aka ba ta shugabanci. Kunya ta rufe shi.

"Ɗiyata, ke za ki yafe mini. Ni na shiga aikinki da ledar nama."

Ranar buɗe farashi kowa na iya halarta, don haka ya je, ya zauna a kujerar baya, ambulan ɗinsa a aljihun kwat. Souley ya ce shi ba zai iya shiga ba, zai jira a mota. Kamfani huɗu suka haye matakin farko. Aka ɗaga kowane ambulan sama kowa ya ga liƙinsa, aka yanka, aka karanta da ƙarfi, aka rubuta a allo. Kadri bai buƙaci buɗe nasa ba, ya haddace abin da ke ciki. Da aka karanta na huɗu ya rufe ido. Sannan ya tashi tare da kowa, ya je ya miƙa wa wanda ya ci hannu.

Ya tarar da Souley ya kashe rediyo, ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Patron, ya aka yi?" in ji shi. Haka yake kiran maigidan nasa da Faransanci.

"An yi gaskiya, Souley. Ban taɓa ganin irinta ba."

"Bon, to. Amma da namu na ciki fa?"

Kadri ya ja bel ya ɗaura.

"Namu ya fi na kowa sauƙi. Da ban gaishe da kowa ba, da sanyin bana babu wanda zan sallama." Ya share fuska da tafin hannu. "Ka tara mini mutane gobe da safe. Ni zan gaya musu da bakina, kuma zan gaya musu dalili."