Talabijin ɗin da Inno ta ɗauko daga Gatawa

Ranar da 'yan bindiga sunka kore mu daga Gatawa, mutane hatsi da tufafi sunka ɗauka. Ita ko Inno, uwata, talabijin ɗin marigayi babanmu tas sa anka ɗaura ma jaki, wani baƙi mai ƙaton baya. Mu munka yo Sabon Birni, yayana Halliru kuwa yab bi daji da matarshi sai Nijar. Tun sannan ba mu sake sa shi a ido ba.

Sai ga Is'haƙa, ɗan kasuwar da ka kai kaya Maraɗi, da wata 'yar na'ura awa sabulu. Yac ce bidiyon sunan ɗan Halliru na ciki, amma da la'asar za shi wuce garin Isa da ita, don akwai saƙon wasu gidaje. A waya kuwa Inno ba ta ganin komi, idonta ya yi yana.

Nik kira Wada mai gyara. Yal leƙa bayan talabijin, yaf fashe da dariya.

"Sadiƙa, wanga talabijin ramin eriya ɗai gare shi. Ku kai shi bola, ku tai gidan Alhaji Atiku ku kalla a nashi na bango."

Gidan Alhaji Atiku! Inda matanshi ka kiranmu 'yan gudun hijira suna taɓe baki? Raina yab ɓaci.

"Wallahi ba mu zuwa," nic ce. "Cikin ɗakinta za ta ga ɗanta. Faɗi abin da kaka so."

"To, sai in da tsohon bidiyo na kaset, shi ka iya shiga tsakani."

Ai ko nit tuna Rukayya maƙwabciyarmu na da ɗaya, kwanonin miya taka jerawa bisa. Nis sungumo shi da ƙurarshi. Wada yak kawo waya mai kai ukku, rawaya da fari da ja, yah haɗa na'urar da bidiyon, bidiyon kuma da ramin eriya. Anka tada janareta. Babu komi a gilashin talabijin sai yayyafi da "shuuu". Yana murɗa neman tasha, Is'haƙa na duban rana, ni ko ina tsaye bakin ƙofa don kar ya ɗauke abinshi.

Can sai ga Halliru! Ya rame, ya aje gemu, yana riƙe da jinjiri.

Nan Gwaggo Kadijatu, ƙanwar babanmu, tay yi gyaran murya. Halliru ɗan fari ne, kuma a wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta tsura mai ido gaban mutane.

"Inno, tashi ki fita mana," Gwaggo tac ce. "Mu za mu kalla, mu ba ki labari. Ina kunyarki?"

Inno tam miƙe. Nic ce a raina shi ke nan, wahalar banza munka yi. Ashe kujerarta taj jawo har gaban gilashin, hancinta na kusa taɓa shi.

"Tun da nih haife shi nika kau da kai, Kadijatu," tac ce. "Waɗanda sunka raba ni da shi ba su ji kunyar kowa ba. Wada, ƙaro murya in ji Halliru."