Wutar Mma Zelia

"Kashe naka, Gafaru, ni ma na zare nawa," na ce, wayar firjina na hannuna.

Gafaru mai aski ya tsaya a ƙofar shago da kilifa a hannu, mutumin da yake wa aski na zaune da rabin kai. Ya ɗaga ido sama. Hadari ne baƙi ƙirin tun daga Kawukudi har teku.

"Yoo, Rafi'atu," ya ce. Ya kashe, ya ɗauko reza.

A lungunmu na Maamobi kusan kowane gida da farantin sola a kan kwano. Waya guda ta haɗa mu da babban batir da ke zauren Mma Zelia. Wanda wutarsa ta yi rara ya tura wa layi, wanda tasa ta gaza ya saya. Mma Zelia ce ta tara mu aka yi wannan tsarin, shekarar da ɗauke wuta ya ishe mu. Farantanta sun fi na kowa yawa, ga shi fanka da rediyo kawai take kunnawa. Da ragowar wutarta nake daskarar da sobolo, wato zoɓon da nake sayarwa ina ciyar da yarana tun rasuwar ubansu.

Yanzu ita ke bukatar tamu. Hayaƙin itacen da ta shaƙa tana dafa waakye, shinkafa da wake na sayarwa, tun tana amarya ya cinye mata huhu. Asibiti suka sallamo ta da injin da ke ba ta iska ta hanci. Ruwan Talata ya kada falwaya, wutar gwamnati ta tafi, rana kuma ta ƙi fitowa. Ɗan abin da farantanmu ke tsotsowa daga hadari bai kai ya riƙe injin da sana'o'inmu ba. Ba wanda ya kira taro. Gida gida aka riƙa zare waya.

Bayan kwana biyu, da hantsi, na shiga gaishe ta. 'Yarta Asana na goge mata goshi.

"Mutuwa aka yi a unguwar nan?" Mma ta tambaya. Kowace kalma sai ta huta.

"Lafiya lau, Mma."

"To ina kukan firjinki? Ta bangon nan nake jin sa. Kawo min sobolo."

Na je na kawo. Ya yi ɗumi, har ya fara tsami. Ta kurɓa, ta riƙe shi a baki, ta dube ni, ta dubi injin da ke huci kusa da gado.

"Duka ya lalace?"

"Kaɗan ne."

"Ke ba ki iya ƙarya ba. Yaran me suka ci?"

"Sun ci, Mma."

"Je ki kunna. Ba don a zauna da yunwa na sa aka ja wayar nan ba."

"In rana ta fito zan kunna."

"In ta ƙi fa?"

Asana ta fashe da kuka. "Mma, ki bari mu koma asibiti, don Allah. Maƙwabcinmu Abass ya ce zai goya ki har bakin titi."

"Na gaji da gadonsu," ta ce. Ta rufe ido, ta laluba ta kama yatsana. Hannunta ba nauyi, kamar busasshen ganye.

Ban kunna ba. Na juye sobolon a kwata, ruwan sama ya tafi da shi ja wur.

Washegari bayan azahar, ina mata fifita Asana na karanta mata Yasin, Mma ta ja numfashi ta sake shi, ba ta ƙara ja ba. Injin ya ci gaba da hurawa. Mun daɗe muna kallonsa kafin Asana ta miƙa hannu ta kashe shi.

Mata suka cika tsakar gida, aka ɗora ruwan wanka. Can sai ga Tajudeen tela a bakin zaure da farin yadi a hammata. Shi ma rabonsa da buɗe shago tun ranar ruwan. Ya tsaya gaban batir, ya kasa taɓawa.

"Asana," ya ce a hankali, "in kunna?"

Ta gyaɗa kai.

Ya tsallaka shagonsa. Yayyafi na sauka a kan kwano, muna zaune a tabarma, har muka ji keken ɗinkinsa ya tashi, yana bin gefen likkafanin.